Zuwa ga Bawana, Babarbaren Assakio

Babarbare bawana, gaisuwar ubangida ga baransa. Labari ya iso rugarmu cewa ka buɗe shagon gyaran talabijin a bakin titin Lafia zuwa Shendam, kuma wata tsohuwar Sharp mai doro ta yi jifa da kai har hularka ta riga ka fita waje. Da ka dawo hayyacinka wai ka rantse aljanu ne, tunda ka zare fulogi, Nefa ma ta ɗauke wuta tun hantsi. Har ka aika gida a kawo turaren wuta.

Ajiye kaskon, matso Bafulatani ya ba ka karatu kyauta.

Cikin akwatin nan akwai kondensa, aikinta ajiyar wuta. Babbar da ke kusa da inda wutar gida ke shiga, volt 230 take karɓa ta tara wajen 320, kuma ko an zare waya ba lallai ta sake su nan take ba. Wannan ƙanwa ce. Yayar ita ce gilashin talabijin ɗin kansa: an shafe shi ciki da waje da abin da ke ɗaukar wuta, gilashi na tsakani, sai ya zama kondensa. A mai kala wutar da ke ƙarƙashin robar nan da ke manne a doronta tana kaiwa volt 25,000, tana iya kwana da kwanaki a ciki. Riƙo gare ta kamar Babarbaren da aka ci bashinsa. Kai kuwa ka ɗaga robar da yatsa, sai ka ce murfin tukunyar burabisko.

Masu sana'ar na gaskiya sukan ɗaura waya a sukudireba mai mariƙin roba, su haɗa ɗaya bakin da wayar da ke kewaye da bayan gilashin, hannu ɗaya a aljihu, su zura sukudirebar ƙarƙashin robar har ta ce tas, su dakata, su sake. Babbar kondensa kuma kwan fitila suke sa mata ya shanye abin da ta tara.

Ban hana ka tada tsofaffin nan ba. Daga Jos aka fara watsa hoto mai kala a Najeriya a 1975, lokacin Assakio na cikin jihar Binuwai-Filato, don haka kayan gadonku ne. Sai dai kondensar da ta shekara 30 ruwanta ya bushe, wata ta kumbura, wata na yoyo. Canza ta, da mai jure wuta daidai da tsohuwar ko fiye. Ka juya mata ƙafafu kuwa, fashewa za ta yi a fuskarka, ta ƙara maka tsage a kan na gado.

Kada ka sake buɗe bayan talabijin sai da gwani a gefenka. Bayi sun yi tsada, ba ni da saniyar sayen wani.