Kai Ne Ba a Damfara, Ko?

To, Malam, tun ban buɗe baki ba na ga ka taɓe naka. Ka ce zancen damfarar imel ai na mutanen Legas da Abuja ne. Ina ruwan mutumin Turawa, wanda iyakarsa gona da kasuwar Karaye? Madalla. Gyara zama, da kai nake, domin irinka ɓarayin nan suke kwana suna addu'ar samu.

Ka ce ba ka da imel? Miƙo wayar. Wannan babbar wayar da kake shafawa, da me aka buɗe ta? Ranar da ka saya, yaron shago ya buɗe maka Gmail, ya rubuta lambar sirrin a bayan kwali, kwalin kuma tuni yara sun yi mota da shi. Gmail ɗin nan ka rubuta a fom ɗin banki, shi ɗanka ya sa a rajistar JAMB. Kana da imel, leƙawa ce ba ka yi. In ma ba ka leƙa ba, saƙon zai biyo ka ta tes, ko ta WhatsApp, ko a buga maka waya.

Ga yadda yake zuwa. Tambarin bankinka a sama, launi bai kuskure ba. A ƙasa an ce an dakatar da asusunka saboda BVN ɗinka bai haɗu da NIN ba, ka latsa nan cikin awa 24 ko a rufe. Gabanka ya faɗi, ka latsa. Shafi ya buɗe da gurabe a jere: lambar kati, watan ƙarewarsa, lambobi uku na bayansa, lambar sirri. Kana gama cikewa sai ga wata lamba ta shigo, wadda ake kira OTP. Wannan kam bankinka na gaskiya ne ya turo ta, domin a daidai lokacin ɓarawon yana can yana ƙoƙarin cire kuɗinka, bankin kuma yana tambayar ko kai ne. Ka kwafe ta tsaf, ka zuba masa. Alat ya shigo, amma na fita.

Ka ce ai da gaske an ce a haɗa BVN da NIN? Wa ya musa? BVN tana nan tun 2014, kuma a watan Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya umarci a haɗa asusu da BVN ko NIN. Nan gwanintar take. Je bakin Dam ɗin Challawa ka tambayi masunta: tanar da ke bakin ƙugiya ta gaske ce, ƙugiyar ce ba a nuna wa kifi. Labarin da ka ji a rediyo da safe, shi ɗan damfara zai maƙala maka da yamma. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da masu ajiya a ƙarƙashin katifa suka koma taransifa dole, kana zaton su ba su ji ba?

Ka ce amma fa har sunanka ya kira, da na mahaifinka? Kai, abin mamaki! Lambar asusunka mai lamba 10 tana jikin bangon shagonka, tana katin bikin ƙanwarka, tana zauren WhatsApp na 'yan ajinku. Duk wanda ya shigar da ita kamar zai turo maka kuɗi, cikakken sunanka zai fito masa kyauta. Tambari kuwa, yaron da ke buga katin suna ma zai kwafo shi kafin shayinka ya huce.

Ka ce kai Turancinsu kake dubawa, na ɓarawo ba ya rasa tuntuɓe? Na yarda, ku mutanen Turawa ba a yi muku burga da Turanci. Sai dai wannan dabarar ta tsufa. Yanzu akwai manhajojin da ke gyara wa mutum rubutu tas. Wanda zai kira ka kuma da Hausa zai yi sallama, ya tambayi iyali, ya ce maka ranka ya daɗe, har da in sha Allahu.

Ka ce wannan sai jahili, kai da ka yi boko? A'a, bari in cire hula. Tsakanin 2013 da 2015, wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya riƙa aika imel na bogi da sunan wani kamfanin kayan kwamfuta na Taiwan, ya karɓe fiye da dala miliyan 100 daga hannun Facebook da Google. Eh, Google, masu Gmail ɗin da ke wayarka. A 2019 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 5. Su da injiniyoyinsu aka yi musu sakiyar da ba ruwa, sai kai mai difloma ne gagara-badau?

Ka ce to su zo, asusunka ko na kati babu? Yau ke nan. Bari kaka ta yi, ɗan kasuwar Dawanau ya turo kuɗin masara, mu ji ko za ka maimaita. Ko a yanzun ma kana da abin sata. Da bayananka ana iya cin bashi a manhajojin lamuni, a bar ka da masu kira. Ana iya bi da kuɗin sata ta asusunka, ranar da EFCC ta bi sawu kuma sunanka za ta tarar.

To me za ka yi? Na ga yanzu ka matso. Na farko, riƙe wannan: banki ba ya tambayar lambar sirri, ko lambobin bayan kati, ko OTP, ta imel ko ta waya. Duk wanda ya tambaya, ko da muryar limamin unguwarku ce, kashe wayar. Na biyu, taɓa sunan mai aikowa ka ga adireshin da ke ɓoye a ƙasa. In ya ƙare da gmail.com, ko an sa sifili a gurbin harafin o, ko an ƙara wa sunan bankin jela, ka gama bincike. Na uku, kada ka shiga banki ta hanyar da saƙo ya shimfiɗa maka, kuma kada ka buɗe takardar da aka liƙo. Buɗe manhajar bankin da kanka, ko ka kira lambar da ke bayan katinka, ko ka hau babur ka je reshe. Duk saƙon da ke cewa maza-maza, nan ne za ka ja birki. Sauri ya haifi nawa.

In kuma aikin gama ya gama, ba lokacin salati da tafa hannu ba ne. Yawancin bankuna suna da lambar toshe asusu da ake dannawa ko a wayar maƙwabci, da yawansu suna ƙarewa da 911. Nemi ta bankinka yau, ka rubuta a takarda. Toshe, kira banki, canja lambobin sirri har da na imel, kada ka goge saƙon domin shaida ne. Kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Idan banki ya yi biris da kokenka, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin shekara 3, ko tarar naira miliyan 1, ko duka biyun, ga mai wannan sana'a. Amma sai an kama shi, kuma ba a kama wanda aka rufa wa asiri don kunyar kada majalisa ta yi dariya.

Ka ce in tsautsayi ya zo ba makawa, komai ƙaddara ce? Haka ne, Malam, ban isa in ja da wannan ba. To tunda haka ne, turo min lambar katin naka da ukun bayansa in ajiye maka amana. Ka ce me? Ba za ka bayar ba? Au, ni da ka sani ka hana, amma baƙon da ya ce maka awa 24 har kana neman tabarau don kada ka yi masa kuskuren lamba!