Garkuwa ce farko ko takobi?

Kar ku ɓoye dariyar, na ganta. Ƙattai da gemu sun kewaye tebur, kowa da takardarsa da fensir, suna tada jijiyar wuya a kan dodon da babu shi. Aikin banza, ko? To, malam, kai da ka yi kwana uku kana gaba da amininka saboda "pick two" a wasan Whot, matso kusa, da kai nake.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. Kowa na riƙe da jarumi ɗaya, mutum guda kuma yana jan labarin, shi ne alƙali. Ɗan lido mai fuska 20 ke yanke ko saranka ya samu ko ya sha iska.

Ga inda ake kai ruwa rana. A littafin 'yan wasa na 2014 akwai wata baiwa mai suna Shield Master. Ta ba jarumi damar ture abokin gaba da garkuwa in ya kai hari a zagayensa. Shi ke nan. Ba ta faɗi wanne ke gaba ba, turin ko saran.

"To mene ne a ciki?" Haba Hajiya, komai na ciki! Wanda aka ture ya faɗi ƙasa, mai saransa daga kusa sau biyu zai jefa ɗan lidon ya ɗauki lamba mafi girma. Tura kafin ka sara, ka ci riba. Sara kafin ka tura, sai dai abokan tafiyarka su mori wahalarka. Shi ya sa mai garkuwa kan zama lauya nan take, yana bin jimlar da yatsa kalma bayan kalma, na gefensa kuma yana rantsuwa ba haka marubutan suka nufa ba, kamar tare suka rubuta.

Kuna cewa a tambayi masu littafin mana? An tambaya. Jeremy Crawford, wanda ke fassara dokokin a kamfanin Wizards of the Coast a lokacin, ya fara cewa ɗan wasa ya zaɓi lokacin da ya ga dama. A 2018 ya sauya magana, ya ce sai an gama harin. Waɗanda suka gina jarumansu a kan fatawar farko suka kwana da takaici.

Ni dai ina bayan alƙalin teburi, tunda littafin da kansa ya bar masa kalmar ƙarshe. Ya yanke cikin minti ɗaya, a rubuta a bayan takarda, kar ya sauya mako mai zuwa don ƙanensa ne ke riƙe da garkuwar. In ya ce a tura kafin a sara, madalla, amma da sharaɗi: duk dodon da aka ba irin wannan baiwar shi ma haka zai yi. Faɗi wannan a teburi ka ga yadda lauyan namu zai soma tari, yana cewa a dai sake duba littafin tukuna.