Ruwan Tekun Goggo

Da labari ya bazu a Gurbin Bore cewa zan raka Kawu Kwatano saro atamfa, kowa ya zo da saƙonsa. Wani agogo, wani turare, wani kuma in dubo masa farashin mota alhali ko kuɗin taya bai da shi. Goggo kuwa wata doguwar kwalbar gilashi ta miƙo mini, ta ce, "Ɗana, ruwan teku nika so, an ce shina maganin sanyin gwiwa. Kak ka zuba gishiri ga ruwan rijiya ka kawo min, ina ganewa."

Ƙarshen 2022 ne. Muka bi ta Sakkwato da Kamba, muka shiga Gaya, muka haye gadar Kwara zuwa Malanbil, daga nan Kandi, Paraku, ana ta gangarawa kudu har ƙugu ya daina jin cewa nawa ne. A unguwar Zango muka sauka, inda Hausa ke tashi ta ko'ina. Ranar da Kawu ya gama ɗaure kaya ya ce, "Tafi ka ga gari. Abu guda, kada ka shiga ruwa."

Tun a teburin mai shayi aka fara. Bawan Allah mutumin Tawa ne, ya haɗa mini shayi da burodi da ƙwai, ya ce ɗari. Na ciro kwabbon sefa ɗari na ajiye ina yabon arahar ƙasar. Ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya ce, "Malam, daga Najeriya kake ko?" Ashe su da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar. Ɗarinsu ɗari biyar ke nan, jikarsu dubu. Na biya, amma har gobe ina kan bakana: wanda ya ce ɗari, ɗari ya nema.

Shi ya samo mini ɗan kabu-kabu, waɗanda a can ake kira zemijan. Hausarsa kalma biyu ce, "Alhaji" da "kuɗi", Faransancina kuma bai kai haka ba. Na lura da rigarsa ruwan ɗorawa, na ce to, wannan ba zai ɓace mini ba.

Kasuwar Dantokpa muka fara zuwa, wadda a lokacin ke kwance a bakin mashigin ruwan da ya raba garin biyu, faɗinta wajen hekta 20. Na ce ya jira ni. Na ratsa layin atamfa, na faɗa layin kifi, na ɓulla wani lungu inda aka jera busassun kawunan birai da hawainiya da mujiya, na yi a'uziyya na ƙara sauri. Da na fito titi sai ga masu riga ruwan ɗorawa iya ganin ido. Duk ɗan kabu-kabun Kwatano rigar ke nan, lambar da ke bayanta ce kawai ta bambanta su, ni kuwa na zauna a bayan lambar tun safe ban karanta ta ba. Na hau bayan wani na ce mu tafi. Muna shirin tashi aka riƙo hannun rigata ta baya: "Alhaji! Kuɗi!" Nawan ne. Da kwalbar ya gane ni.

Babban burina in ga jirgin ruwa da idona. Tashar jiragen ruwan nan da aka buɗe a 1965 ita ce ƙofar kayan Nijar a lokacin, kuma ta nan duk motar da muke kira 'yar Kwatano take fitowa, da shinkafar da ake rantsuwa ba ta shigowa ƙasarmu. To katanga ce ta kewaye ta, doguwa, an zane ta da hotuna masu kyau, amma katanga ce. Mai gadi ya nemi takardar shiga. Na nuna masa katin zaɓena. Ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini cikin ladabi, ya nuna mini hanyar da na fito. Abin da na gani na jirgi shi ne wuyan ƙugiyoyin ɗaukar kaya da kwantenoni an ɗora wata kan wata.

Kusa da nan mutum-mutumin jarumar Dahome yake, wanda aka buɗe a watan Yulin shekarar: mace tsaye, tsawon mita 30, bindiga a hannu ɗaya, takobi a ɗaya, don tunawa da rundunar mata ta sarakunan Abome. Garin ɗaga kai hulata ta faɗi. Na ɗauki hoto zan tura wa uwargida, sai na yi tunani na fasa. Ba kowace shawara ake ba mace ba.

La'asar sakaliya muka isa bakin teku a Fijirose. Ni da babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Jibiya, sai ga abu ba shi da ɗaya gefen, yana gurnani. Na tuna gargaɗin Kawu, na kuma yi fatawa cewa ɗiba daban, shiga daban. Na tuɓe takalmi na jera su, na naɗe wando, na miƙa kwalba. Ruwa ya ja baya. Na bi shi. Ya ƙara ja, na ƙara bi, ina cewa ashe ma tsoro gare shi. Ɗagowar da zan yi sai na ga ya miƙe tsaye kamar bangon soro, ya rufto. Na ga sama, na ga ƙasa, na sha abin da Goggo ta aike ni ɗebowa. Da ya tofar da ni kan rairayi kwalba na hannuna cike da ruwa jaja-jaja mai haɗe da yashi, takalmi kuwa ƙafa ɗaya ta kama hanyar Birazil. Zemijan ya gama dariyarsa, ya nuna arewa ya ce Ganbiye, garin nan da aka gina bisa turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe, sai da kwalekwale ake shiga. Na ce masa a gaishe su.

A hanyar komawa, magariba ta kawo jiki, ya tsaya shan mai. Ba gidan mai ba, teburin wata mata ne a bakin titi, an jera kwalabe. Sunansa kpayo, kuma namu ne, fetur ɗin Najeriya da ake tsallakowa da shi tun tallafi na nan, kafin a cire shi a Mayun 2023. Mu muna kwana a layi a Gusau, shi ga shi nan yana shan iska a ƙasar waje. Na ajiye kwalbata a kan teburin don in matse riga. Matar na hira da maƙwabciyarta, ta kafa mazurari, ta ɗauka ta tuttula. Na ɗauki kwalba muka wuce.

Daf da shataletalen Jan Tauraro babur ya yi tari, ya yi atishawa, ya mutu. Mutumin ya buɗe tanki ya sunsuna, ya sa yatsa ya lasa. Sannan ya juyo a hankali ya karɓi kwalbar da ke hammatata ya cire toshiya. Fetur.

Jama'a suka taru. Shi yana yi da Fonanci, 'yan kallo da Faransanci, ni da Hausa ina bayanin cewa ni aka cuta, don ruwan nan da takalmi na saye shi. Wani dattijo mai tsire, Bagobiri, ya shiga tsakani, ya saurari kowa, ya ce, "Ɗan'uwa, ba da ɗari shida a wanke tanki da kafireto, a wuce wurin." Na ce Allah ya saka, wannan ai adalci ne, har na fara laluben aljihu. Ya ce, "Jika ukku ke nan." Ni na tura babur har wurin bakanike, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya tana gaisawa da kwalta.

Kawu bai yi faɗa ba, don dariya ba ta bar shi ba. Da asuba ya ba yaron mai shayi dala ashirin da jarka, yaron ya je ya ciko ta, ya dawo ko ƙafar wandonsa ba ta jiƙe ba. Muna cikin loda kaya sai ga mai riga ruwan ɗorawa ya faka a gabana, babur na ƙyalli, yana washe baki: "Alhaji, Ganbiye?" Na juya na roƙi mai shayi ya faɗa masa da Faransanci cewa Alhajin ya koma Najeriya tun jiya.