Yadda Ake Cefanen Kalmomi a Tina Junction

Da farko dai, mayar wa mai ƙamus ƙamusunsa. Abin da ke ciki ya fi ƙarfin bakin mutum ɗaya. Kai dai duba abin da kake kallo da abin da kake saurara, can za ka yi cefanenka daidai tukunyarka.

In Turanci kake so, nemi gidan kallon ƙwallo ranar Asabar, ka kama bencin gaba kusa da lasifika. Kafin hutun rabin lokaci ka haddace ofsayid, kwana, firikik da fenariti. A Jos, garin da ya reni Mikel Obi da Ahmed Musa, inda Plateau United ta kawo kofin Firimiyar Najeriya a 2017, wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. Sai dai fa Turanci ne na ihu. Ranar da ka shiga banki aka ce maka kuɗinka sun maƙale, kada ka nemi a je a duba VAR.

Mai neman Indiyanci kuwa ya guji fassarar Algaita, don a can jarumin Mumbai Hausar Kano yake zubawa, ba mai ƙaruwa da wani. Ya nemi fim ɗanye, irin wanda iyayenmu suka kalla a silimar Kwararafa. Ba da jimawa ba zai iya cewa zuciya, soyayya, uwa da ɗaukar fansa. Gishiri da kuɗin mota ba sa cikin manhaja, don jarumi ba ya zuwa kasuwa sai in faɗa zai yi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan bautar ƙasa da aka turo Jos daga kudu, aka ce masa ya riƙi BBC Hausa. Shawara ce mai kyau, tun 1957 suke abu ɗaya, Hausarsu a wanke take tas. To amma yaro zai fito titi da tsagaita wuta da Majalisar Ɗinkin Duniya da hauhawar farashi, mai keke kuwa yana ta kiran “Taminus, saura ɗaya!” Ƙanena, kashe rediyon nan tukuna. Zauna gaba, gefen direba, inda rabin jikinka ke waje sanyin Disamba na dukansa. Kunnenka zai tsinci “matsa kaɗan”, “akwai a nan”, “shiga da canjinka”. In ka ji an ce “Mama ya sauka”, kada ka ce za ka gyara. Hausar Jos ta daɗe da sasanta mace da namiji, kuma Mama ba ta kai ƙara ba.

Hauhawar farashi kaɗai za ka riƙe daga darasin rediyo. Za ta yi maka rana da zarar direba ya faɗi kuɗin Taminus.