Wasiƙa Zuwa ga Teburin Talabijin

Zuwa ga mai girma Teburin Talabijin, majinginin bangon falo, wanda jama'ar gida ke fuskanta dare da rana ba tare da kowa ya dube shi ba.

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyar ƙafafunka huɗu, musamman ta baya ta hagu wadda muka tokare da guntun kwali tun azumin bara, maƙasudin wannan takarda shi ne in shaida maka, cikin ladabi da natsuwa, cewa al'amarinka ya kai haddin da shiru a kansa ya zama laifi, domin mas'alar da ta hana mai gida barci, ta sa uwargida ta riƙa amsa masa gaisuwa a taƙaice, ta kuma kai shi kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa sau uku cikin mako guda, ba mai hankalin da zai kira ta ƙarama.

Ka sani, Allah ya ba ka nasara, asalinka ba mai nisa ba ne, kada ƙyalli ya ruɗe ka. Sa'ad da aka buɗe gidan talabijin na farko a ƙasar nan a Ibadan cikin 1959, na Kaduna ya biyo baya cikin 1962, akwatunan da suka fara shiga gidajen manyan ma'aikata da yawansu da ƙafafunsu suka zo, da ƙofofin katako da ake ja a rufe idan tasha ta tashi daga aiki. Wanda kuma tasa ba ta da ƙafa, sai ya aza ta a kan teburin shayi ko akwatin ƙarfen da aka kawo lefe a ciki, a lulluɓe ta da ɗan mayafin saƙa, kuma a haka muka kalli Samanja Mazan Fama shekara da shekaru, yaran unguwa cike da tsakar gida, ba wanda ya taɓa tambayar me ke ƙarƙashinta. Abin mamaki, a zamanin da uwargijiyarka take da ƙaton ƙeya da nauyin da sai ƙarti biyu ke ɗaga ta, ba ka da suna ba ka da farashi. Yanzu da ta rame ta koma kamar faifai, sai kai ɗan dakon ka ƙara kuɗi, har samari suka naɗa maka sarautar “tibi sitan”.

Kafin zuwanka na yi zama da wani ɗan'uwanka na gilashi, mai hawa uku da ƙafafun ƙarfe masu walƙiya, wanda a kanti ya yi kama da abin da aka sato daga fadar wani sarkin Gabas. Hunturu guda ya tona masa asiri. A goge shi da hantsi, kafin azahar ƙura ta kwanta masa har jikokina suna koyon rubuta alif da ba a kansa da yatsa, ga wayoyin dikoda da na sitabilaiza a bayansa sun harɗe, ana hango su ta cikinsa kamar hanjin akuya a faranti. Ranar da na ga autan jikokin, mai koyon tsayuwa, ya dafa gefensa yana jijjigawa yana dariya, ranar na yi masa saki uku ba kome.

Daga nan ƙaddara ta haɗa ni da kai, kuma a nan ne ƙarata take. Wanda ya sayar mini da kai, wanda ba zan ambaci sunansa ba don sitirta Musulmi abu ne mai lada, ya ƙwanƙwasa bayanka ya rantse cewa kai katako ne ɗan katako. Ban san haƙiƙarka ba sai da damina ta shigo, ruwan goge ɗaki ya riƙa taɓa gindinka, ka fara kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, fatarka ta ɗaye, sai ga shi ashe garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse, aka liƙa masa leda mai zanen jijiyar itace. Malamanmu na fiƙihu, a babin ciniki, sun yi dogon bayani a kan garari da ɓoye aibi, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da haja idan aibin ya bayyana. Amma da na koma da hujjata sai na tarar kantin ya koma wurin sayar da katin waya.

Sai dai adalci ya wajabta in faɗi nawa laifin. Da babban ɗana ya aiko mini da sabuwar talabijin mai inci 55, ban taɓa sanin cewa masu ƙira daga kusurwa zuwa kusurwa suke awo ba, a karkace, kuma faɗinta na gaskiya kimanin inci 48 ne, wato ƙafa huɗu, ga kuma 'yan ƙafafunta biyu an kafa su can kusa da gefe da gefe, kamar tsayuwar ɗan dambe. Kai kuwa ƙafa uku da rabi ne tsawonka. Da na ɗauki igiyar awon tela na auna kafin komai, da ba mu kai ga shimfiɗa maka falankin nan da ke bisa kanka ba, wanda baƙi ke kallo su kau da kai don kunya.

Mas'alar da ta fi kowace wuya ita ce ta tsayi. Masana wannan fanni sun yi fatawa cewa tsakiyar allon ta daidaita da idon mai kallo yana zaune, don kada wuya ya wahala, kuma fatawa ce mai kyau, illa dai an yi ta ne don mutanen da kowa a cikinsu kan kujera yake zama. A gidana babu ijma'i a kan zama. Ni ina bisa kujera saboda gwiwa, idona kimanin mita guda daga ƙasa. Uwargida tana kan darduma ta miƙe ƙafa tana gyaran zogale. Yara suna rub-da-ciki, haɓa a tafin hannu. Surukina kuwa, idan ya zo, can bakin ƙofa yake rakuɓewa, ba ya kallon komai sai ƙasa. Tun da mazauna ƙasa su ne jamhuru, ƙiyasi ya nuna teburin gidan Bahaushe gajere ya kamata ya zama, ga shi kai ka miƙe kamar mumbari, iyalina suna kallon Daɗin Kowa kamar masu duban watan Shawwal.

An ba ni shawarar in rabu da zuriyarku ɗungurungum in maƙala ta a bango. Na yi nazari na ga bangon nan yaɓen siminti ne a kan tubalin ƙasa, ba ya riƙe ƙusa ta amana, bangon bulo guda ɗaya da muke da shi kuma shi ne na gabas, inda ake fuskanta in za a yi nafila, ba zan sa mai salla ya yi tahiya yana kallon 'yan ƙwallo ba. Ko an maƙala ma, dikoda da sitabilaiza ba su da fukafuki.

Saboda haka na zauna da wani kafinta dattijo, muka ƙulla sharuɗɗan magajinka. Maɗaci ne za a yi shi da shi, busasshe wanda ya ga hunturu, don ɗanyen katako in ya sha iskar Janairu murɗewa yake yi ya tsage. Tsawonsa ƙafa biyar, don a bar wa uwargijiya rarar wuri dama da hagu, tsayinsa kuma kada ya wuce gwiwata. A ɗaga cikinsa daga ƙasa taƙi guda, tsintsiya da ruwa su wuce, gara kuma ta rasa inda za ta yi gini a ɓoye. Za a huda bayansa don wayoyi su fita, zafi ma ya fita, a yi masa ƙofofi saboda ƙura, amma a bar gurbin dikoda a buɗe, gama hasken rimot ba ya ratsa katako. Na ƙara da cewa a dadashe kusurwoyinsa, a kuma ɗaure talabijin da shi ta ramukan sukurun da ke bayanta, domin autan nan yanzu har gudu yake yi.

Kai kuma ba za a wulaƙanta ka ba, ko ba komai ka yi hidima gwargwadon ɗabi'arka. An yanke maka murabus zuwa zaure, inda za ka riƙe takalman baƙi da jaridun da aka gama karantawa, nesa da buta. Kafintan ya yi alkawarin ranar Alhamis, bai dai faɗi wace Alhamis ba, shi ya sa nake roƙonka, don girman zaman tare, ka daure ka tsaya a kan kwalinka har ya cika.

Wassalam.

Naka, mai gidan da kake zaune a falonsa.