Ka Saya A Haɗe Ko Ka Haɗa Da Kanka? Shawarwari Ga Mai Neman Kwamfutar Tebur Da Ƙaramin Aljihu

Duk ranar da ka furta a majalisa cewa za ka sayi kwamfutar tebur, a ranar za ka gane ashe abokanka duk injiniyoyi ne. Wannan ya ce ka sayi wadda kamfani ya haɗa ka huta. Wancan ya rantse cewa wayayye shi ke haɗa tasa da hannunsa. Wani kuma da ko kibod bai taɓa dannawa ba ya gyara zama ya ce shi dai a ganinsa ka ƙara kuɗi ka sayi babur. Kafin a watse an kashe maka kuɗin nan sau uku da baki, alhali suna nan a aljihunka ba su ƙaru da ko sisi ba.

Maganar kamar ta kayan sallah ce. Ko dai ka shiga kanti ka ɗauko ɗinkakkiya ka saka yau, ko da hannun ya ɗan ɗage, ko kuwa ka yanko yadi a ɗinka daidai jikinka. Sai dai a harkar kwamfuta kai ne telan, kuma idan almakashi ya zarce babu wanda za ka je ka yi wa faɗa. Kuɗin da aka daɗe ana tarawa bai kamata a yi caca da su ba, don haka ga shawarwari.

Na ɗaya: ka faɗa wa kanka gaskiya

Me za ka yi da ita? Idan buga takardu ne, da lissafin shago, da cike fom ɗin jarrabawa, da sauraron karatu, to ƙaramar na'ura ta ishe ka har da ragi. Idan kuwa tace bidiyon biki ne, ko zanen gine-gine, ko manyan wasanni, to kana buƙatar katin girafik, kuma shi kaɗai yana iya cinye rabin kuɗinka. Samari da yawa kan ce wa Baba “aikin makaranta” za su yi, alhali zuciyarsu tana filin ƙwallo, tana jiran a buga wasan ƙarshe tsakaninsu da ɗan maƙwabta. Tsakaninka da Baba wannan ruwanku ne, amma kada ka ɓoye wa mai shago, domin zai ba ka na'urar aikin makaranta ta gaske, ka zo ka ga 'yan wasanka suna gudu da ɗingishi.

Na biyu: ka cire kuɗin wuta kafin ka taɓa komai

Kwamfutar tebur ba ta da batir. Ana ɗauke wuta take mutuwa, ta tafi da shafi ashirin ɗin da ka buga ba ka adana ba, kuma ba ta ce maka sannu ba. Don haka kafin ka fara lissafin furosesa, ka ware kuɗin UPS, wanda zai riƙe ta 'yan mintoci har ka adana aikinka ka kashe ta cikin mutunci. Idan wutar unguwarku mai hawa da sauka ce, ka haɗa da sitabilaiza. Sannan ga monita, ga kibod, ga maus. Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne ainihin kuɗin kwamfutarka, ko da ganinsa zai sa ka ɗan yi ajiyar zuciya.

Mai amfani da sola ya ƙara lura. Ƙananan na'urorin ofis masu furosesa da lambarsa ta ƙare da harafin T, irin su i5-8500T, an ƙera furosesansu ne a kan wat 35, batir ɗinka ba zai ma san suna gidan ba. Babbar na'urar wasa mai kati kuwa tana jan ɗaruruwan wat, za ta sa inbata ta riƙa kuka tun kafin sallar isha'i.

Na uku: idan aljihu ya yi ƙasa sosai, ka nufi na hannu

Kamfanoni a Turai da Amurka kan sauya kwamfutocin ofisoshinsu bayan 'yan shekaru, su sayar da tsofaffin a dunƙule. Su ne ke cika shaguna daga Computer Village ta Ikeja har titin Beirut a Kano: Dell OptiPlex, da HP EliteDesk ko ProDesk, da Lenovo ThinkCentre. Ba su da kwalliya, baƙaƙe ne masu kamun kai, amma an yi su ne don su wuni suna aiki. Sau da yawa kuɗin da za ka sayi ɗaya cikakkiya ba zai saya maka sabon furosesa da madabod kaɗai ba. Ka ƙara mata abu biyu ta zama sabuwa a hannunka: SSD a madadin tsohon faifai mai juyawa, da ram da ya kai giga 8, ko 16 idan da hali. SSD shi ne gyaran da ya fi kowanne biyan kuɗinsa. Na'urar da a da kake kunna ta ka je ka dafa shayi ka dawo, yanzu kafin ka ja kujera ta tashi.

Na huɗu: kada sunan i7 ya sa ka sakin baki

Mai shago zai ɗaga murya ya ce, “Maigida, wannan fa i7 ce!” Kai kuma ka yi murmushi ka tambaye shi, “Zubi na nawa?” Amsar tana cikin lambar da ke biye. A i5-8500, lambar 8 ita ce zubin. A i5-12400 kuwa 12 ce. Furosesan i7-3770 ya fito ne a 2012, i3-12100 kuma a 2022, kuma ƙaramin nan na baya zai bar dattijon a hanya ba tare da ya yi gumi ba. Girmama na gaba wajibi ne, amma ban da a kasuwar kwamfuta.

Akwai kuma dalili na biyu. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana karɓar Intel ne daga zubi na 8 zuwa sama, AMD Ryzen kuma daga jerin 2000. Saboda haka zubi na takwas shi ne iyakarka ta ƙasa. Idan kuɗinka ba su kai nan ba, tsohuwar na'ura tana tafiya lafiya da Linux Mint ko Ubuntu, kuma kyauta ne.

Na biyar: gani ya kori ji

Kowace kwamfutar hannu a kasuwa tarihinta ɗaya ne: wata tsohuwar baturiya ce ta saya, ta kunna sau biyu, ta mayar kwali. Ka saurari labarin da ladabi, sannan ka ce a jona ta a gabanka. Ka buɗe Task Manager ka karanta sunan furosesa da yawan ram da idonka, domin takardar da aka manna a jikin kesin ba ta rantsuwa. Ka soka filas a kowane rami. Ka sa manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna maka lafiyar faifan da yawan awannin da ya yi yana aiki, a nan ne za ka ga ko baturiyar ta yi barci kuwa a shekarun nan. Ka shiga BIOS ka tabbata tsohon ofishin bai bar kalmar sirri a kai ba. Ka kasa kunne ga fanka. Ka leƙa bayan na'urar: wasu tsofaffin fawafak, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, suna da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Idan an baro shi a 115 irin na Amurka ka jona, ƙara ɗaya za ka ji, hayaƙi ya biyo baya, maƙwabta su shigo da salati. A ƙarshe ka karɓi rasit, a rubuta kwanakin garanti a jiki, kada ka yarda da “ai mun zama ɗaya.”

Na shida: ka san iyakar ta kamfani

Daɗin ta kamfani shi ne kai ɗaya gare ta. Idan sabuwa ce, garantinta ɗaya, wurin kai ƙara ɗaya. Amma tana da taurin kai. Yawancin na'urorin ofis suna da fawafak da madabod na musamman, waɗanda na kasuwa ba sa shiga gurbinsu. Siririn kesin ba ya ɗaukar babban kati, fawafak ɗin ciki ma ƙarami ne. Abin da za ka iya sa mata shi ne gajeren kati wanda ke shan wutarsa daga ramin madabod, wato wat 75 zuwa ƙasa, irin su GTX 1650 gajere ko RX 6400. Wanda ke mafarkin ƙara mata ƙarfi kowace shekara, to ya nemi wata hanyar.

Na bakwai: idan za ka haɗa, ka fara binciken dangi

Haɗin hannu yana biya ne idan kuɗinka sun ɗan taka kara sun karya, kana son kati mai ƙarfi, kuma kana so ka riƙa sauya kaya ɗaya bayan ɗaya. Sai dai kayan nan ba kowa suke zama da kowa ba. Furosesan Intel na zubi na 12 zuwa 14 yana shiga soket LGA1700 ne kawai. Na AMD akwai AM4, wanda ya fito tun 2016 kuma har yanzu shi ne abokin mai ƙaramin ƙarfi, akwai kuma AM5 na 2022, wanda ba ya karɓar ram sai DDR5. DDR4 ba ya shiga ramin DDR5, ko da ka kira ƙaninka mai ɗaga ƙarfe ya danna maka.

Ka kula da haruffa. Intel mai F a ƙarshe, kamar i5-12400F, ba ya fitar da hoto sai da kati. Ryzen 5 5600G kuwa yana da nasa hoton a ciki, za ka iya fara aiki da shi yau, ka sayi kati baɗi idan kasuwa ta yi kyau. Ram guda biyu masu giga 8 sun fi guda ɗaya mai 16 sauri, musamman ga irin wannan furosesan. Katin hannu kuma a gwada shi da kyau, domin bayan an daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da kati a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru ba dare ba rana sun kwararo kasuwa, an wanke su tas kamar ba su taɓa aiki ba.

Na takwas: kada ka yi wa fawafak rowa

A nan mafi yawan masu haɗi ke faɗuwa. An kashe kuɗi a kan kesin mai gilashi da fankoki masu fitilu kala bakwai, sai a ɗauko fawafak marar suna, marar nauyi, wanda aka rubuta masa wat 800 da ƙaton rubutu. Fitilu ba sa ƙara gudu ko na daƙiƙa ɗaya, ƙwari kawai suke gayyata. Fawafak kuwa idan ya tashi mutuwa ba ya son tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod da faifai su raka shi. Ka nemi na sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus. Araha ba ta ado, a nan ma har gobara take jawowa.

Na tara: ranar haɗi

Ka zaɓi safiya, ka share tebur, ka ba yara kuɗin alewa su tafi gidan kaka. Ka taɓa ƙarfen kesin kafin ka taɓa kaya. Furosesa yana da ɗan alamar kusurwa uku a gefe ɗaya. Ka daidaita ta da ta soket, zai zauna da kansa. Idan ka ji kana buƙatar ƙarfi, to ka tsaya, domin siraran ƙafafun furosesa ko na soket idan suka lanƙwashe sai dai haƙuri. Man sanyaya gwargwadon ƙwayar wake ya isa. Ka ɓare ledar da ke ƙasan fankar furosesa. Ka ɗaura 'yan ƙafafun da ke ɗaga madabod daga jikin kesin kafin ka ɗora shi.

Sai lokacin kunnawa. Ka yi bismillah, ka danna, shiru. Gumi ya fara tsattsafowa, matar gida ta leƙo ta ce, “Lafiya dai, Malam?” Kada ka firgita. Ka duba maɓallin bayan fawafak, galibi shi ne ba a kunna ba. Idan fankoki suna juyi amma monita baƙi ƙirin, ka duba ko ka soka wayar a madabod maimakon a kati, sannan ka cire ram ka mayar har ka ji ƙas ta gefe biyu. Wanda bai taɓa yi ba ya gayyaci mai gyara ya zauna kusa da shi. Kuɗin shayinsa bai kai kuɗin madabod ba, kuma mai tambaya ba ya ɓata.

Na goma: ƙura da zafi ba su san wadda ka zaɓa ba

Ko ta kamfani ce ko haɗinka, hunturu zai cika ta da ƙura, bazara ta gasa ta. Ka ɗaga ta daga ƙasa, ka bar mata sarari ta baya, ka rufe ta da mayafi idan an kashe, kuma ka buɗe ta lokaci-lokaci ka hure da bulowa, kana riƙe da fankar don kada ta yi ta juyi. Samanta ba wurin ajiye kofin kunu ba ne.

To wacce za a ɗauka?

Idan kuɗin kaɗan ne kuma aikin na neman abinci ne, ka sayi ta ofis ta hannu daga zubi na takwas zuwa sama, ka sa mata SSD da ram, ka jona ta a UPS, ka kama aiki gobe da safe. Idan kuɗin sun fi haka, aikin yana son kati, kuma kana da haƙurin karanta ɗan littafin madabod, ka haɗa da kanka. Za ka san kowane sukuru da ke cikinta, kuma duk abin da ya lalace shi kaɗai za ka sauya. Idan kuwa kana da kuɗin amma ba ka da lokacin, sabuwa mai garanti ba abin kunya ba ce. Abin gudu ɗaya ne: ka ci bashi don burge mutane da fitilu. Ka sayi daidai aikinka, ka rage canjin data, Allah ya sa albarka, ya kuma kawo wuta mai ɗorewa.