Ilimin Buɗe Taga

Tun da masu zanen gine-gine suka lura cewa wutar da gini ke sha ba ta bin lissafinsu, saboda mutanen da ke zaune a ciki ba da lissafi suke motsi ba, masana suka ɗauki buɗe taga da rufe ta a matsayin fannin nazari mai zaman kansa. A Ingila, Michael Humphreys da Fergus Nicol sun kafa ƙa'idar cewa wanda zafi ya dama yakan nemi hanyar samun sauƙi, ƙa'idar da akuya mai raɓe gindin katanga da tsakar rana ta daɗe tana aiki da ita ba tare da digiri ba.

A 2009 kuma Frédéric Haldi da Darren Robinson suka wallafa sakamakon shekara bakwai na sa ido kan tagogin wani ginin jami'a a birnin Lozan na Suwizalan, suka gina samfurin lissafi, wato tsarin ƙiyasi da ake ɗora wa kwamfuta domin ta hasaso lokacin da hannu zai kai ga taga. Binciken ya nuna cewa ma'aikaci ya fi taɓa taga a daidai shigowarsa, domin da zarar ya zauna, kujera ta kama shi ke nan.

Sai dai ma'aunin zafin da irin wannan samfuri ke dogaro da shi ɗaki yake aunawa, ba ya auna muƙami, alhali a ofishin da mutum shida suka haɗa, muƙami ne ke riƙe da sakata. Ƙaramin ma'aikaci, wanda zufa ta jiƙe wa wuyan riga, yakan zura wa tagar ido yana jiran gawon shanu, har maigidan ya ɗago kai ya ce, "Ba ku jin sanyi kuwa?" Nan take sai a amsa baki ɗaya, "Akwai sanyi, ranka ya daɗe," kowa na fifita da fayil a ƙarƙashin tebur. Idan kuwa maigidan ya fita taro, akan wangale tagar har iska ta watsa takardu, sannan a yi rige-rigen rufewa da jin takunsa.

Saboda haka, duk samfurin da ke son dacewa da gaskiya sai ya cire ma'aunin daga bango, ya maƙala shi a jikin maigidan.